Hogan da Andre ko Savage da Steamboat: wa ya fi gaskiya a musun tsofaffin 'yan kallon reslin?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya cewa musu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a majalisarsu. Wasu sun ce a duk tsofaffin wasannin reslin babu kamar karon Hulk Hogan da Andre the Giant na 1987. Wasu sun ce ko a wannan daren ma, wasan Randy Savage da Ricky Steamboat ya fi shi nesa ba kusa ba. Wani kuma ya ce duk ɓata bakinsu suke yi, tunda abin shiri ne. Mai tambayar ya ƙara da cewa yana mamakin yadda manya ke zama suna maimaita kallon cika-bakin 'yan wasa a gaban makirufo fiye da faɗan kansa. Yana so a raba musu gardama.

To ƙanena, wannan gardama wataƙila ta girme ka, kuma ba a majalisarku kaɗai ake yin ta ba.

Bari in fara sallamar mai cewa shiri ne, don nasa ba ya cin lokaci. Gaskiyarsa, shiri ne. Tun kafin a kaɗa ƙararrawa an san wanda zai yi nasara, kuma kamfanin WWF mai shirya wasannin da bakinsa ya amsa haka a gaban 'yan majalisar jihar New Jersey a 1989, don ya zame daga hannun hukumar kula da wasanni da kuɗaɗenta. Sai dai ana iya shirya wanda zai faɗi, amma ba a iya shirya wa mutum dubu hamsin lokacin da za su miƙe tsaye. Wannan sai an nema da gwaninta, kuma a kansa ake musun.

A ranar 29 ga Maris 1987 aka yi WrestleMania III, babban taron WWF na shekara-shekara karo na uku, a filin Pontiac Silverdome da ke jihar Michigan. Kamfanin ya sanar cewa mutum 93,173 ne suka shiga. Dave Meltzer, mai mujallar Wrestling Observer, ya daɗe yana cewa ainihin adadin bai wuce wajen 78,000 ba, kuma wannan ma wani musu ne mai zaman kansa. Ko wanne ka ɗauka dai, taro ya yi taro.

Idan ka kalli wasan Hogan da Andre da idon mai neman gwanintar kokawa, za ka yi hamma. Minti 12 ne, kuma kaso mai tsoka a ciki Andre ne ya rungume Hogan yana matse shi a tsaye. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Andre, mutumin Faransa, yana fama da cutar da ke sa jiki ya yi ta girma ba tsayawa, bayansa ya riga ya lalace, tafiya ma da ƙyar yake yi. An tsara wasan ne a kan abin da zai iya: ya tsaya, ya danne, ya daka da kai. Masu karanta mujallar Meltzer har zaɓen wasan suka yi a matsayin mafi muni na shekarar. Amma dubi yadda aka ɗora shi. A mintin farko Hogan ya yi yunƙurin ɗaga Andre, bayansa ya gaza, ƙaton ya faɗo masa, rafali ya ƙirga biyu saura ƙiris uku. Daga nan kowa a filin ya san tambayar daren: zai iya ɗaga shi ko ba zai iya ba? Duk sauran mintunan jinkirta amsa ne kawai. Da Hogan ya ciccibe shi a ƙarshe ya maka da ƙasa, ya bi shi da cinya a wuya, ihun da ya tashi shi ne abin da abokanka na farko ke tunawa. Ba ruwansu da cewa an sha ɗaga Andre a baya, har shi Hogan ɗin ya taɓa yi a 1980. An ce musu nauyinsa laba 520 ne kuma shekara 15 ba a ka da shi ba, suka yarda suka hau.

Wasan Savage da Steamboat kuwa wata duniya ce. Kambun Intercontinental, mai bin babban kambun WWF a daraja, ake nema, minti 14 da 'yan kai, kuma babu inda suka tsaya shan iska. Wannan ya danne a ƙirga biyu ya kuɓuce, wancan ya juya a ƙirga biyu ya kuɓuce, har ka rasa wa ke sama. A zamanin da yawancin manyan WWF ke tafiya a hankali kamar an ɗaura musu dutse, wannan saurin sabon abu ne ga 'yan kallonsu. Kuma akwai labari a bayansa. Watanni kafin nan Savage ya diro daga saman igiya da ƙararrawar ringi ya daki maƙogwaron Steamboat, aka riƙa nuna Steamboat a talabijin yana koyon magana daga farko. Shi ya sa da rafali ya faɗi a ƙarshen wasan Savage ya sake ɗauko ƙararrawar nan ya hau igiya, filin ya rikice, don kowa ya san abin da ya yi da ita a baya. George Steele, ɗan wasan da ke mara wa Steamboat baya, ya tunkuɗo shi, ya tashi yana dafe da baya ya ɗaga Steamboat, Steamboat ya naɗe shi a ƙasa, ƙirga uku.

Idan ka matsa mini in zaɓa a tsakanin biyun a matsayin wasa, na Savage da Steamboat ya fi, kuma ba na jin akwai ɗan reslin da ya san aikinsa da zai ce ba haka ba. Tsara guda ta 'yan wasan da suka zo daga baya, irin su Chris Jericho, sun sha faɗin cewa shi ya ja hankalinsu. Amma ba shi ya cika filin ba. Kusan duk wanda ya yanki tikiti, Hogan da Andre ya zo gani. Abokanka kowa da mudun da yake awo: wasu na auna abin da aka yi a cikin igiya, wasu na auna abin da ya faru a kujeru.

Kuma cika filin ba a daren aka yi shi ba, tun ran gini tun ran zane. Makonni kafin nan, a dandalin hira na Roddy Piper, aka ba Hogan kofi saboda shekara uku yana riƙe da kambu, aka ba Andre nasa kofin saboda shekarunsa ba faɗuwa, amma nasa ya fi ƙanƙanta. Hogan ya shigo taya shi murna ya mamaye maganar, Andre ya juya ya fita. Daga baya sai ga shi ya dawo tare da Bobby Heenan, manajan da ya fi kowa ƙin Hogan. Hogan na roƙonsa, yana tuna masa abota, Andre ya ce kambu ya zo nema, ya cafki rigarsa ya yage har da sarƙar wuyansa, ƙirjin Hogan ya ɗan yi jini. Ba a yi naushi ko ɗaya ba. Wannan 'yan mintunan ne suka sayar da tikiti, kuma nan ne amsar tambayarka ta biyu. A wancan zamani kuɗin kamfani yana fitowa ne daga mutanen da suka bar gida suka je fili. Talabijin talla ce. Ɗan wasa yana da minti biyu ko uku ya sa mutum ya cire kuɗin cefane ya zo ranar Asabar. Wanda bai iya baki ba, komai ƙarfinsa, sai a haɗa shi da manaja mai yi masa magana.

Wanda ake yawan kafa hujja da shi a nan shi ne Dusty Rhodes, a jawabin da ya yi a watan Oktoba 1985, wanda masoya ke kira Hard Times. Sai ka san Dusty ka san abokin gabarsa kafin ka gane shi. Ric Flair ne zakaran duniya na NWA, wata ƙungiyar reslin mai hamayya da WWF: kwat ɗinkin tela na musamman, agogon Rolex, doguwar mota, jirgi, yana gaya wa talakan da ke kallo cewa takalminsa ya fi gidansa tsada. Dusty kuwa ɗan mai gyaran famfo ne daga Texas, ga tumbi, ga goshi duk tabon yanka, ga harshe mai ɗan kama haƙori idan yana magana. A ƙarshen Satumba Flair da abokansa 'yan gidan Anderson, Ole da Arn, suka rufe shi a keji a Atlanta suka karya masa ƙafa, bisa labarin wasan. Da ya dawo, maimakon ya yi ta ihun zan karya ka zan kashe ka, sai ya ce Flair ya jefa shi da iyalinsa cikin matsi, kuma Flair bai ma san mene ne matsi ba. Ya shiga lissafi. Matsi shi ne ma'aikacin masaƙa ya rasa aiki da 'ya'ya huɗu ko biyar ba abin saya musu abinci. Matsi shi ne a ce wa masu ƙera motoci su koma gida. Matsi shi ne mutum ya yi shekara 30 yana bauta wa wuri, a miƙa masa agogo a tisa ƙeyarsa waje a ce kwamfuta ta karɓi aikinsa. Duk wanda ya ga yadda Kakuri ta koma bayan masaƙun Kaduna sun rufe, ba sai an yi masa fassara mai tsawo ba.

Sannan ya yi abin da na fi so a duk jawabin. Ya amsa cewa shi bai yi kama da ɗan wasan zamani ba, tumbinsa ya ɗan yi girma, mazaunansa ma haka, amma fa shi ba kanwar lasa ba ne. Ya miƙo hannu saitin kyamara ya ce wa mai kallo a gida ya miƙo nasa, hannunsa na taɓa hannunka. Mutum ne da ya san abin da ake yi masa dariya a kai, ya riga kowa faɗa, ya mai da shi makami. Kuma bai manta aikinsa ba: ya ambaci Starrcade, babban taron da za su kara a ciki, ya ambaci kambu, ya ba ka dalilin zuwa. Abin haushi ga masoyansa, a Starrcade ɗin ya danne Flair aka ƙirga uku, jama'a suka koma gida da murna, daga baya aka ce an soke saboda katsalandan ɗin Arn Anderson, kambu ya koma hannun Flair. Dusty ne da kansa ke tsara wasannin kamfanin a lokacin, kuma ya yi ta maimaita wannan dabara har aka laƙaba mata sunansa. Har yau akwai masu ganin da ita ya riƙa ƙona zuciyar 'yan kallo har wasu suka daina zuwa, kuma ina tare da su.

Ba ihu ne gwaninta ba. Jake Roberts a hankali yake magana, kusan raɗa, sai ka matso kusa da talabijin, kuma ya fi masu ɗaga jijiyar wuya ban tsoro. Savage kuwa bayan ya rasa kambun nan ya tsaya gaban mai hira da 'yan wasa Gene Okerlund yana ta zaro 'yan ƙananan kofunan madarar shayi daga inda ba a sani ba, yana ɗora ɗaya a kansa, yana cewa shi ne man da ke tasowa saman nono. A takarda shirme ne. A bakinsa kuwa mutane na kallonsa har gobe. Steve Austin ma maganar da ta ɗaga shi a gasar King of the Ring ta 1996 ba rubuta masa aka yi ba. Ya dawo daga asibiti da ɗinki a leɓe, aka gaya masa Jake Roberts ya yi magana irin ta masu wa'azi, ya doke shi a wasan ƙarshe, ya mayar da martani nan take da tasa "ayar" da ya kira Austin 3:16, ba a jima ba aka fara ganin allunan Austin 3:16 a hannun 'yan kallo. Abin da manya ke kewa ke nan. Daga baya WWE, wato sabon sunan WWF, ta ɗauki marubuta suna ba 'yan wasa takarda su haddace, sai ka ji mutum goma suna magana da murya ɗaya. Shi ya sa da CM Punk ya zauna ya tanƙwashe ƙafa a Las Vegas a watan Yuni 2011 ya yi ta caccakar kamfanin, mutane suka ruɗe, don sun daɗe ba su ji wanda ya yi kama da yana nufin abin da yake faɗa ba.

Akwai wani ƙaramin musu a cikin babban. Savage mutum ne mai tsara komai. Steamboat ya sha ba da labarin yadda suka rubuta wasan nan mataki-mataki da lambobi, suna yi wa juna tambaya kamar masu shirin jarrabawa. Tsofaffin 'yan wasa da yawa na ganin wannan gazawa ce, gwani shi ne wanda zai shiga ringi ya saurari jama'a ya san abin da za a yi. Su hujjarsu wasanni ukun da Steamboat ɗin ya yi da Flair a 1989, a Shikago da New Orleans da Nashville, na tsakiyar kusan minti 55, kuma yawancinsa a ciki suka ƙirƙira. Ni ban ga abin faɗa ba. Mai kallo bai san an rubuta ko ba a rubuta ba.

Yanzu ga nawa zaɓin, kuma ba ɗaya daga cikin biyun da kuka kawo ba ne. Bret Hart da Steve Austin, WrestleMania 13, ranar 23 ga Maris 1997 a Rosemont kusa da Shikago. Shi ne wasan da ya cika mudun ɓangarorin biyu.

Bret ya shiga a matsayin akta, Austin bos. Amma ƙasa ta riga ta fara motsi. Bret ya koma mai yawan ƙorafin an cuce shi, kuma gaskiya ne an cuce shi, tunda a Royal Rumble, wasan taron dangi da duk wanda aka jefa ta saman igiya ya fita, ya jefa Austin waje rafali bai gani ba, Austin ya dawo ya cinye. Mako guda kafin wasan ya ture mai kamfanin Vince McMahon a ringi ya zazzaga ashar. Austin kuwa ba ya roƙon kowa komai, kuma matasan Amurka sun fara son haka. Dokar wasan ita ce sai wani ya ce ya sallama, aka kawo Ken Shamrock na UFC, gasar faɗan gaske, ya yi alƙalanci. Matsalar a fili take: Bret ba zai sha kaye ba, Austin kuma idan ya buɗe baki ya ce ya sallama, duk abin da aka gina a kansa ya rushe.

Ba su tsaya kallon-kallo ba. Bret na shiga Austin ya rufe shi da duka, suka fita har cikin 'yan kallo suna dambacewa a kan matakala. Da suka dawo Bret ya koma kan gwiwar Austin mai ciwo, ya naɗe ƙafar a jikin ƙarfen kusurwa, ya daka ta da kujera. Sannan ya wurga shi kan shingen ƙarfe, goshi ya fashe. A lokacin kamfanin ya hana fitar da jini da gangan, amma Bret ya bayyana daga baya cewa shi ya tsaga Austin da guntun reza, da yardarsa, suka bar shugabanni suna zaton tsautsayi ne. Can Austin ya shaƙe shi da wayar lantarki, Bret ya laluɓo ƙararrawa ya kwaɗa masa, ya ja shi tsakiya ya ɗaure shi da Sharpshooter, kamunsa na harɗe ƙafafu da lanƙwasa baya. Nan kyamara ta matso. Austin ya dafa hannu biyu yana ɗagowa, jini na gangarowa daga goshi yana bi ta haƙoransa, yana kururuwa. Ya yunƙura har Bret ya tuntsura gaba, filin ya ɗauka ya kuɓuta, abin da ba a saba gani ba. Bret bai saki ƙafar ba, ya gyara zama ya ƙara matsewa. Austin bai ce komai ba. Ya sulale ya suma a cikin jininsa, Shamrock ya tsai da wasa.

Da a nan aka tsaya ma ya isa. Amma Bret, wanda ya riga ya ci, ya koma yana harbin ƙafar mutumin da ke kwance, har Shamrock ya ɗaga shi ya yar. Aka zuba ido a ga ko zai tsaya ya kare kansa, ya sulale ya fice ana masa ihu. Austin ya farfaɗo, wani rafali ya zo taimakonsa, ya saka masa da Stunner, salon da yake ka da abokan karawa da shi, ya fita da ɗingishi shi kaɗai jama'a na kiran sunansa. A cikin minti 22 akta ya zama bos, bos ya zama akta, ba wanda ya ɗauki makirufo ya yi bayani. Abin mamaki, wannan WrestleMania na cikin waɗanda aka fi ƙarancin saye a talabijin, kuma ba shi ne ma babban wasan daren ba. Amma shekara guda bayan nan Austin ya karɓi kambu a Boston, kamfanin ya shiga shekarun da ya fi samun kuɗi a lokacin.

Inda nake rabuwa da yawancin masoya shi ne kejin Undertaker da Mankind na Yuni 1998 a Pittsburgh. Na san a zamanin kaset, a gidajen kallo babu kaset ɗin da ya kai shi farin jini. An wurgo Mankind, wato Mick Foley, daga saman keji mai tsawon ƙafa 16 ya faɗa kan tebur, ya sake hawa, rufin ya ɓalle da shi ya faɗo cikin ringi kujera ta biyo shi a fuska, haƙorinsa ya maƙale a hanci. Jarumta ce, ba musu. Amma faɗuwa biyu ce da ƙusoshi, ba wasa ba, kuma ta koya wa yara masu tasowa cewa hanyar suna ita ce ka nemi kashe kanka. Ban sa shi a sahu ɗaya da na Bret ba.

Haka kuma kada ka bari makin taurari da Meltzer ke ba wasanni ya zame maka alƙali. Ra'ayin mutum ɗaya ne mai ilimi, da irin abin da yake so. Wasan The Rock da Hogan a Toronto a 2002, idan ka kashe sauti, wani ɗan shekara 48 ne ke tafiya a hankali. Kunna sautin ka ji mutum sama da 68,000 sun ƙi bin tsarin da aka yi musu, suna goyon bayan Hogan da aka kawo a matsayin bos, su biyun kuma suka saurara suka sauya salon wasan a tsaye. Triple H da Jericho da suka rufe daren sun tarar da jama'a sun gama ƙarar da muryarsu.

Idan za ku sake zama a majalisa, kada ku kalli ko ɗaya daga cikin wasannin nan tsurarsa. Ku fara da abin da ya gabace shi: hirarrakin Piper kafin Hogan da Andre, dukan maƙogwaro kafin Steamboat, karon Survivor Series na 1996 da Royal Rumble kafin na Bret da Austin. Mai cewa shiri ne kuma ku ba shi kujerar gaba, ku fara masa da na Rosemont.